Tsayuwar Hedley Tweddle a Bayan Farin Layi

Hedley Tweddle mutum ne da bai iya ce wa kowa a'a ba, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa cin moriyar amincewarsa. Da haka ya yi shekara da shekaru yana wakiltar mazaɓar Harthwick a Majalisar Landan, a ƙarƙashin jam'iyya mai mulki. Ga fara'a, ga iya gaisuwa, ya san sunan karen kowane manomi tun daga bakin kogi har kan tsauni. Mu ma mun sha jefa masa ƙuri'a, don haka ba ni da bakin zagin kowa.

A kakar shekarar da nake ba ku labari, farashin tumaki ya faɗi warwas. Manyan kantuna sun cika firjinsu da naman ƙetare, mahauta suka ja baya, ɗan ragon da aka sha wahalarsa tun cikin ƙanƙara ya zama bai kai kuɗin harawar da uwarsa ta ci ba. Ranar Asabar da Hedley ya shiga kasuwar gwanjo ta Harthwick, fuskoki a murtuke ya tarar. Mai gwanjo yana ta ɓaɓatu a kan dakalinsa, masu saye kuwa sun zuba hannu a aljihu suna kallon rufi. Ba wanda ya amsa gaisuwarsa da kyau.

Yayansa Cuthbert, wanda kowa ke kira Cuddy, yana jingine da ƙarfen shinge, sandarsa a hammata. Shi ya riƙe gonar gado a kan tsauni bayan rasuwar mahaifinsu. Tumakinsa ba irin waɗanda ake saye yau a sayar gobe ba ne. Kowace tunkiya ta san iyakar kiwonta a kan tsaunin ba tare da shinge ba, don uwarta ce ta nuna mata, ita ma uwar haka aka nuna mata. In aka watsa irin wannan garke, ya watsu ke nan har abada. Kuma Cuddy ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa in babbar kasuwar kaka ta zo a haka, zai sauko da su duka ya sayar.

"Onorabul ya sauka," in ji Cuddy, ba tare da ya ɗago daga jikin shingen ba. "Ku ba shi hanya, kada kashin tumaki ya ɓata masa takalmi."

"Haba Yaya, ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa ta yi arha, ita da ragunana. Ka ji abin da matar nan za ta yi ranar Alhamis?"

Matar nan ita ce Nesta Fenwick, wakiliyar mazaɓar da ke maƙwabtaka da ta Hedley, 'yar wata ƙaramar jam'iyyar adawa da ba ta cika benci biyu ba. Ita da Hedley ba sa ga maciji, kowa ya san haka.

"Na ji za ta nemi muhawarar gaggawa," in ji Hedley. "Amma Yaya, ka san muhawara ba ta ƙara wa rago ƙiba."

"Na sani. Amma za ta jawo ministanka daga ofis, ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da zai yi mana kafin kasuwa. Shi ke nan abin da muke so. An ce in gwamnati ta ƙi, sai mutum arba'in sun miƙe tsaye. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, sai dai abin yana da..."

"Ban tambaye ka abin da yake da shi ba. Ƙafafunka lafiyarsu lau?"

Aka yi dariya, amma irin wadda ba ta da daɗin ji. Manoma sun riga sun kewaye su.

"Za ka miƙe ko ba za ka miƙe ba?"

Hedley ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, bai ga inda zai sulale ba. "Zan miƙe," ya ce.

"Ku shaida," in ji Cuddy. "Da kunnenku kuka ji."

Abin da ya sa maganar ta yi masa nauyi shi ne, a farkon shekarar aka naɗa shi mai taimaka wa ministan gona a zaure. Aiki ne da ba albashi, iyakacinsa ka zauna a bayan minista kana miƙa masa takardu, ka riƙe masa jaka. Amma daga nan ake hawa, kuma Hedley ya daɗe yana jiran hawan har furfura ta cim masa. Sharaɗin aikin ɗaya ne: ranar da ka saɓa wa gwamnati a zaure, ranar ka ajiye shi.

Da farko bai damu sosai ba, don ƙa'idar muhawarar gaggawa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Mai nema minti uku ake ba shi, kuma ba don ya yi kukan manoma ba. Sai ya nuna cewa maganar takamaimiya ce, tana da muhimmanci, kuma ba za ta iya jira ba. Kakaki ya yarda ko ya ƙi, ba ya faɗa wa kowa dalili. A kan farashi kuwa ƙi ya fi yawa, don masu zaure suna ganin faɗuwar farashi ciwo ne mai tafiya a hankali, ba gobara ba ce. Hedley ya kwantar da hankalinsa cewa Kakaki zai ƙi, a wuce wurin, ba wanda za a ce ya miƙe balle a ga wanda ya zauna. Sai ga shi ranar Laraba babbar mayankar arewa ta sanar da cewa ta dakatar da sayen raguna gaba ɗaya. Ciwo ya zama gobara, kuma raɗe-raɗi ya cika farfajiya cewa Kakaki zai saurara.

Da yammacin ranar Piers Lanyon ya aiko a kira shi. Lanyon shi ne mai tsawatarwa na jam'iyya, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar kowa ya yi abin da aka ce. Mutum ne mai taushin murya da ba ya ɗaga ta ko kaɗan, kuma ni dai ban taɓa jin wanda ya fito daga ofishinsa yana murmushi ba.

"Zauna, Hedley. Yaya mutanen tsauni? Har yanzu suna warin ulu?"

"Suna nan."

"An ce ka yi alkawari a kasuwa."

"Maganar kasuwa ce, Piers."

"To ta tsaya a kasuwa. Gobe in Kakaki ya tambayi zaure, za mu ce a'a. Minista ba shi da abin faɗa tukuna, baitulmali bai saki komai ba, kuma ba zan tsayar da shi awa uku ana jifansa ba. Na ƙirga mutanen matar nan. Babbar adawa ta bar wa 'ya'yanta zaɓi, yawancinsu 'yan birni ne, rabinsu za su kama jirgin gida tun da safe. Za ta kusa, amma ba za ta kai ba. Sai fa in wani daga cikin namu ya ji kujerarsa tana cizonsa."

"Yayana zai sayar da garken ubanmu."

"Allah sarki. Ka gaishe min da shi." Lanyon ya kurɓi shayinsa. "Ina da mutane a layi masu son jakar nan da kake riƙewa. Ka zauna, jaka taka ce, wataƙila har da ofis nan gaba. Ka miƙe, kafin ka koma zaune na ba wani."

Hedley ya fito ransa a jagule. Ya tsani Lanyon, ya tsani Nesta Fenwick, har Cuddy ma ya ji haushinsa, mutumin da bai san komai ba sai tumaki amma ya tsare shi a bainar jama'a. Yana cikin wannan tunani ya bi ta ƙofar zaure, idonsa ya faɗa kan farin layin da aka shata a kan koren kafet, 'yar tazara kaɗan daga ƙofa. Kullum yana tsallake shi bai taɓa kula ba. A al'adar gidan, wanda ke bayan layin nan yana waje ne, ko da kuwa numfashinsa yana kai wa bencin farko. Ba ya magana, ba a ƙirga shi, Kakaki ma yi yake kamar bai gan shi ba. 'Yan majalisa da suka makara sukan tsaya a nan su saurara. Amma kyamarar da ke ɗauko zaure gaba ɗaya ba ruwanta da layi, duk wanda ke tsaye tsaye take nuna shi.

Nan take ya ji wani sanyi a ransa. Ai cewa ya yi zai miƙe, bai ce a ina ba. Ya koma ofishin Lanyon ya faɗa masa dabarar, yana jin kansa gwani.

Lanyon ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya yi wata 'yar dariya ta raini. "Ka tsaya a kan kanka ma in ka ga dama, muddin kana bayan layi. In aka kai ga ƙuri'a, ka je ka wanke hannu, ba na buƙatarka. Ka ga, Hedley, na daɗe ina cewa za ka yi minista."

Da safiyar Alhamis Nesta Fenwick ta tare shi a farfajiya. Gajera ce, gashinta duk furfura, likitar dabbobi ce kafin siyasa, kuma har yau duban mutum take kamar za ta buɗe bakinsa ta duba haƙora.

"Tweddle! Tsaya nan, kada ka sulale."

"Ina kwana, Nesta. Kullum cikin fara'a."

"Riƙe gaisuwarka. Na roƙi mutanen da ko a jana'izata ba na son gani. Na roƙi wani ɗan birni da ya tambaye ni ko tunkiya da akuya abu ɗaya ne. Yanzu ga ni ina roƙonka, ka ga inda lalacewa ta kai ni."

"Au, roƙo ne wannan? Na ɗauka sammaci ne."

"Ka kira shi abin da kake so. Mutanenka sun cika bas sun taho tun asuba, suna sama a wurin baƙi. Za ka miƙe?"

"Za ki gan ni a tsaye."

Ta ƙura masa ido har ya fara gyara wuyan rigarsa. "Ban ji daɗin yadda ka faɗe shi ba," ta ce. Ta juya ta tafi da sauri, takalminta yana ƙwas ƙwas.

Bayan an gama tambayoyi da sanarwar gwamnati, zaure ya rage mutane kamar yadda Lanyon ya faɗa. Hedley ya bar kujerarsa ta bayan minista kamar mai zuwa amsa waya, ya zagayo ta waje, ya shigo ta babbar ƙofa, ya ja ya tsaya a bayan farin layi. Ya gyara tsayuwa yadda kyamara za ta same shi sosai. Sai ya ji an yi gyaran murya a gefensa, kuma gyaran muryar nan ya san shi tun yana yaro.

A nan kusa da ƙofa, a bayan layi, akwai 'yan kujeru kaɗan da ake ba baƙin 'yan majalisa na musamman. Cuddy ne zaune a ta bakin hanya, cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, hularsa a kan gwiwa. Hedley ya ɗaga kai ya hango Nesta Fenwick a can bencinta tana kallonsa, ba ta ko ƙifta ido. Ashe da ta bar shi a farfajiya, sama ta hau ta sauko da yayansa.

"Yaya, me kake yi a nan?" ya ce da raɗa.

"Ni baƙo ne," in ji Cuddy, shi ma da raɗa. "An ce mini nan waje ne. Kai fa, me kake yi a nan?"

Mai tsaron ƙofa ya ɗora yatsa a leɓe, don baƙo ba ya magana a wurin. Sai Kakaki ya ba Nesta Fenwick dama, ta miƙe.

Gaskiya dai, duk da bakinta, matar ta iya aikinta. Ba ta yi kukan marayu ba, ba ta zagi minista ba, don ta san da ta kauce Kakaki zai katse ta. Ta ce mayanka ta daina saye jiya. Ta ce babbar kasuwar kaka mako mai zuwa ce, kuma garken da aka sayar a ranar ba wata muhawara ta watan gobe da za ta mayar da shi kan tsauni. Bencin gwamnati ya yi ta gunaguni, wani ya yi kukan tunkiya daga baya, 'yan uwansa suka ƙyalƙyale da dariya. Ba ta ko waiwaye su ba. Ta zauna tun minti ukunta ba su cika ba.

Kakaki ya miƙe ya ce ya saurara da kyau, kuma ya gamsu cewa maganar ta cancanci a yi muhawara a kanta. Ya tambaya ko zaure ya ba ta izini.

"A'a!" Muryar ta fito daga wajen su Lanyon, wasu suka maimaita.

"To, masu goyon baya su miƙe a wurarensu."

Aka fara miƙewa. 'Yan jam'iyyar Fenwick da ke zauren suka tashi gaba ɗaya, sai na babbar adawa ɗaiɗai, wasu da sauri, wasu kamar ana jan su da igiya. A bencin gwamnati ba wanda ya motsa. Wakilan karkara da ke cikinsu duk suka sami abin karantawa a wayoyinsu. Kakaki da akawunsa suka shiga ƙirga, masu tsaye su ma suna ƙirga kansu, leɓuna suna motsi. Aka ƙirga, aka sake ƙirgawa. Daga nan wata murya ta faɗi abin da kowa ya riga ya gano.

"Talatin da tara!"

Duk lissafin Hedley bai taɓa kawo wannan ba. Ya zaci ko dai su wuce arba'in ba tare da shi ba, ko su gaza da nisa yadda mutum ɗaya ba zai zama abin magana ba. Yanzu ga shi saura ɗaya, kuma shi ne kaɗai ɗan majalisar da ke tsaye ba a ƙirga shi ba. Ƙarshen benci mafi kusa bai fi tsawon hannu daga inda yake ba.

"Tweddle!" Nesta Fenwick ta kwatsa ihu, ta manta da al'adar da ta hana kiran suna a zaure. "Taku ɗaya! Taku ɗaya, matsoraci!"

Sai wuri ya kaure. Masu tsaye suna nuna shi suna ihun ya shigo. Bencin gwamnati yana mayar musu da ihu, wani yana cewa a bar bawan Allah ya huta, wani yana cewa ai bas yake jira. Kakaki ya yi ta tsawa a natsu, a natsu. Bai dubi wajen layi ba, don al'ada ta hana, amma ya ɗauki lokaci yana gyara tabarau, yana juya takardar da ba ya buƙatar juyawa, kuma kowa ya san wa ake jira. Lanyon bai yi ihu ba. Ya juyo kawai, ya ɗora gwiwar hannu a bayan benci, yana kallon Hedley cikin natsuwa.

Cuddy kuwa bai ma dubi fuskar ƙanensa ba, takalmansa yake kallo. Wannan ya fi duk ihun zauren yi wa Hedley ciwo. Ya ji ƙafarsa ta dama ta ɗan ɗaga, da gaske ta ɗaga, na tabbata shi kansa bai san ina za ta ba. Sai ya tuna jakar minista, da shekarun da ya yi yana jira, da yadda za a dube shi gobe in ya koma bencin baya ba kowa ba. Ya mayar da ƙafar inda take.

Kakaki ya cire tabarau. Ya ce masu goyon baya ba su kai arba'in ba, amma sun haura goma, don haka bisa ƙa'ida za a kaɗa ƙuri'a. Aka buga ƙararrawa, 'yan jam'iyya mai mulki suka yi ta fitowa daga ofisoshi da ɗakin shan shayi, da yawansu ba su ma san a kan me ake ƙuri'ar ba, Lanyon yana nuna musu ƙofar da za su bi. Hedley ya je ya wanke hannu, kamar yadda aka ce masa. Ya daɗe a gaban famfo. Da ya fito an riga an kayar da buƙatar, zaure ya koma kan wani ƙudirin da ya shafi fitilun hanya.

Ya so ya bi ta ƙofar baya, amma hanyar ofishinsa ta babbar farfajiya take, kuma a nan manoman Harthwick suka taru bayan an sauko da su daga bene. Ya ƙudurta cewa yau sai an tsinka shi. Sai ga tsoho Wilf Hindmarsh ya taho da hannu a miƙe.

"Ga shi nan! Ga ɗan halak!" Wilf ya kama hannunsa yana girgizawa. "Mun gan ka a allo, yaro. Kai kaɗai daga cikin tsinannun nan, tsaye ƙyam a bakin ƙofa!"

Wurin baƙi na sama a kan ƙofar yake, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa, kuma gilashi ya raba shi da zaure. Ihun ya iso musu a dunƙule, ba su tsinci kalma ɗaya ba. Abin da suka gani shi ne hoton allo: 'yan gwamnati a zaune, Hedley Tweddle a tsaye. Dabararsa ta yi aiki fiye da yadda ya zata, kuma bai taɓa jin ƙyamar kansa kamar lokacin ba.

"Na ce wa mijina jinin Tweddle ba ya ƙarya," in ji Beryl Dodd, wadda ke kiwo a gangaren kogi. Idanunta sun yi ja. "Amma mutum ɗaya, Hedley! Mutum ɗaya tal! Wane ɗan banza ne ya rage?"

"Allah ya sa ƙafarsa ta shanye," in ji wani daga baya.

"Ya sa ya ci naman firji har ya mutu," in ji Wilf.

Suka yi ta zuba wa mutumin da ba su sani ba tsinuwa, Hedley yana tsakiyarsu ana dafa kafaɗarsa. Sai Wilf ya hango Cuddy yana tahowa a hankali.

"Cuddy, kai da aka saukar da kai ƙasa, ka gani da kyau. Wa ya ci amanarmu?"

Cuddy ya tsaya. Ya dubi ƙanensa, wannan karon a fuska. Hedley ya jira saukar maganar, har ya ji kamar zai fi samun sauƙi in ta sauka.

"Ni baƙo ne a gidan nan," in ji Cuddy. "Ku tambayi Hedley. Shi ya san mutanen ciki. Faɗa musu, Hedley."

Ba tarko ba ne, kuma Hedley ya san ba tarko ba ne. Yayansa ƙofa ya buɗe masa, ta ƙarshe, ya faɗa da bakinsa a gaban mutanensa, a zage shi, a tofa masa yawu, amma ya koma gida da sauran wani abu. Magana ce da ba ta fi kalma biyu ba: ni ne. Ya buɗe baki, ya ga idon Beryl, ya ji hannun Wilf a kafaɗarsa.

"Ambrose Keddie," ya ce. "Ɗan jam'iyyar Fenwick ne. Kujerarsa babu kowa."

Gaskiya ne kujerar babu kowa. Duk wanda ke zauren ya san tsoho Keddie yana asibiti a gefen gadon matarsa, wadda likitoci suka riga suka cire rai da ita. Manoman ba su san haka ba. Suka karɓi sunan suka shiga yayyaga shi. Beryl ta ce za ta faɗa wa 'yar uwarta da ke mazaɓarsa, Wilf ya ce ai dama bai taɓa yarda da mutanen matar nan ba.

Cuddy ya sa hularsa, ya gyara mata zama da hannu biyu.

"Ku zo mu tafi," ya ce wa sauran. "Direba yana jira, hanya da nisa."

Suka yi sallama da Hedley ɗaya bayan ɗaya, wasu har da rungumarsa. Ya bi bayan yayansa zuwa bakin matakala.

"Yaya. Yaya, tsaya mana. Gobe zan zo gida, mu zauna in yi maka bayani. Abin ba yadda ka..."

Cuddy ya juyo. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Akwai ɗakunan haya a saman gidan giyar da ke bakin kasuwa," ya ce. "Ka kama ɗaya."

Ya sauka matakalar yana dafa bango, bai sake waiwayowa ba.